Ba Kullum Ne Laifin Barkono Ba

A makon jiya na je ɗaurin aure Bulkachuwa, ƙasar Katagum, aka cika mu da masa da tsire, yaji kuwa ba a magana. Da dare ƙirjina ya ɗauki zafi, ciki na murɗawa, amma kafin hantsi ya lafa. Iyakar aikin barkono ke nan.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani dattijo da muka zauna tabarma ɗaya. Ya ce wata huɗu ke nan cikinsa yana ciwo, yanzu har bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, shi kuwa jiƙon kanwa yake ta sha, wai attarugu ne. Jama'a, wannan alama ce ta jini yana zuba a ciki.

Tun 1982 wasu likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar cutar da ke haddasa yawancin gyambon ciki, kuma tana jin magani. Saura kuwa akasari magungunan ciwon jiki ne, irin su asfirin, da muke saye a tebur muna sha ba ƙa'ida. Barkono sai dai ya fama gyambo.

Saboda haka aman jini, ko baƙin bayan gida, ko rama ba dalili, ko ciwon da ya ƙage ciki, ba a kwana da su a gida.

Na ce masa, "Baba, don Allah yau a kai ka asibiti Azare." Ya ce sai an kai amarya.