A Duba Shekara Kafin A Sayi Tsohuwar Marsandi

Har yanzu babu motar da ke ɗaukar ran ma'aikaci ko ɗan kasuwa irin Marsandi, ko da ta tsufa. Da zarar mutum ya tara 'yan kuɗi, sai ya nufi wajen dillalan Ikko ko masu kawo 'yan Kwatano, ya tsaya yana shafa fenti, yana duban tauraron nan na goshi. Abin da ba ya tambaya shi ne shekarar da aka ƙera ta, alhali kuwa nan maganar take ga wanda zai hau motar kullum, ya kai yara makaranta, ya je ofis, ya komo cikin cunkoso da zafin rana.

A ɗauki wadda jama'a ke kira Bi-but, watau W124 a lissafin kamfanin. An yi ta daga 1985 zuwa 1995, kuma ta ci sunanta wajen ƙarko. Amma fa ba dukkansu ne ɗaya ba. Waɗanda aka yi kafin 1992, irin su 230E mai silinda 4 da 300E mai silinda 6, injinsu ba shi da rikici, kusan kowane tsohon bakanike a Kano ko Kaduna ya san cikinsa. Daga wajen 1992 sai kamfanin ya shiga lulluɓe wayoyin inji da wata roba wadda aka yi don ta ruɓe bayan an jefar da motar. To, robar ba ta jira an jefar ba. Zafin inji yana gasa ta, ta bushe, ta yi ta marmashewa, wayoyi su haɗu da juna. Mota ta mutu a tsakiyar titi, a kira rewaya ya ɗaure nan, gobe can ya kwance. Idan haka ta faru a Jamus mai sanyi, ina ga Sakkwato a watan Afrilu? Saboda haka mai son Bi-but, ya nemi ta 1989 zuwa 1991, ko kuwa ya tabbata an riga an sake wa ta baya wayoyin inji gaba ɗaya. Duk da haka kada a manta, ƙaramar cikinsu ta kai shekara 30.

Wadda ta biyo ta, W210 mai zagayayyun fitilu huɗu, ta 1995 zuwa 2002, cutarta tsatsa ce, musamman wadda ta fito daga ƙasar da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. A ɗaga ta a duba ƙarƙashi, wajen da sifirin gaba ke zaune. In an ga ja, a yi sallama da dillali.

Inda akasarin masu saye ke faɗawa rami yau shi ne W211, wadda aka yi daga 2002 zuwa 2009. Kyakkyawa ce ƙwarai, kuma kuɗinta ya sauko. Amma ta farko-farko, daga 2002 zuwa tsakiyar 2006, an sa mata wani birki mai suna SBC, wanda famfon lantarki da kwamfuta ke sarrafa shi. Famfon yana ƙidaya sau nawa aka taka birki, in ya cika adadinsa sai ya kunna gargaɗi, lalle a sake shi. Idan kuwa ya ƙi aiki ana cikin tafiya, abin da ya rage wa direba ɗan birkin gaba ne kawai, mai taurin takawa. A 2004 kamfanin ya kira motoci wajen 680,000 don a duba wannan birki, a 2005 kuma ya kira wajen miliyan 1.3 saboda shi da wasu matsalolin lantarki. Daga bisani, a gyaran fuskar da aka yi wa motar a 2006, aka cire shi aka koma birki irin na kowa.

Sai dai akwai wani ƙulli. Na farkon, E240 da E320, su ne masu injin da ba ya ciwo, ga shi kuma su ne masu mugun birki. Da aka kawo sabon inji a E280 da E350, sai aka tarar wani haƙori a cikinsa yana saurin cinyewa a waɗanda aka yi har wajen 2007, gyaransa kuwa sai an sauke inji. Ashe wanda ke son birki lafiya da inji lafiya a mota guda, ta 2008 da ta 2009 ce tasa. Ta fi tsada, gaskiya ne. Amma rarar da aka samu a kan ta 2003 ba ta daɗewa a aljihu, kasuwar Ladipo ko Ƙofar Ruwa za ta karɓe ta. A kuma guji mai jakar iska a madadin sifirin. Hanyoyin ƙasar nan ba sa barin ta.

Wani zai ce ai mai Marsandi ba ya ƙidayar kwabo. Wannan zancen dā ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, mai silinda 8 irin E500 ta zama motar zuwa ɗaurin aure, ba ta zuwa aiki ba.

Saura maganar gane shekarar, domin bakin dillali ba shaida ba ne. Sananne ne ana sake wa tsohuwar mota fitilu da bamba, a kira ta da shekarar da ba tata ba. Lambar shasi ita ce ba a yi mata kwalliya. Tana da harufa da lambobi 17, kuma a motar da aka yi don kasuwar Amurka, na goma shi ke faɗin shekara: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009. Ta Turai ba ta bin wannan tsari, sai a kai lambar wajen mai kwamfutar duba mota ya fito da ranar ƙira. Sa'an nan a buɗe bonet, a sa bakanike ya nuna ko famfon SBC na nan, tun kuɗi ba su bar hannu ba.