Da Wane Mudu Za Mu Auna Nasara?

Mu 'yan ajin ƙarshe, da aka ce mu kawo abin da za a sa a littafin bana, sai muka zaɓi maganar da muke ji a gidajenmu bayan sallar isha'i, wato yaƙin da ake yi da 'yan ta'adda a arewacin ƙasarmu Benin.

Yawancinmu a nan Zongon Kwatano aka haife mu, amma akwai wanda kakarsa ke Kandi, akwai wadda kawunta ke ɗauko albasa daga Malanbil zuwa kasuwar Dantokpa. In waya ta yi ƙara da tsakar dare, sai gaban iyayenmu mata ya faɗi. Shi ya sa muka ga mu ma muna da ta cewa.

Abin ya fito fili a watan Mayun 2019, lokacin da aka sace Faransawa biyu a gandun dajin Panjari, aka kashe ɗan ƙasarmu mai yi musu jagora. A 2022 gwamnati ta kafa rundunar Mirador don tsare arewa. A watan Afrilun 2025 kuwa, ita da kanta ta tabbatar da rasuwar sojoji 54 a yankin gandun dajin W. Allah Ya ba iyalansu haƙuri.

Bayan gumurzu, akan faɗa mana 'yan ta'adda nawa aka kashe, babura nawa aka ƙwace. Wallahi ba mu raina ƙoƙarin sojojinmu ba, amma wannan mudun bai cika ba. Amurka ta kashe Usama bin Ladan a 2011, ta yi shekara 20 a Afganistan, tana fita a 2021 Taliban na komawa mulki. Faransa ta yi yaƙin Barkan daga 2014 zuwa 2022, ga Mali nan har yau ba ta huta ba. A Najeriya an sha shelar mutuwar Shekau kafin ya mutu a 2021, kuma rikicin Borno bai bi shi kabari ba. To, in an kashe goma wasu goma suka shiga daji, me aka rage?

Mu dai ga namu mudun. Shin makarantar ƙauye a Karimama a buɗe take, malami kuma yana kwana a garin? Manomin auduga a Banikowara yana zuwa gona ya dawo lafiya? Saurayin da ya rasa aiki yana da wata ƙofa ban da ta masu ba shi babur da bindiga? Kuma gadar Malanbil da Gaya, wadda aka rufe bayan juyin mulkin Nijar na 2023, yaushe maƙwabta za su zauna a kanta su fahimci juna? Ai na daji ba ruwansu da iyaka.

Akwai kuma awon da ya shafe mu kai tsaye. Muddin ana kallon kowane Bafulatani ko mai gemu da rawani a matsayin abin zargi, to da sauran aiki. Mutumin ƙauyen da ke tsoron na daji, yake kuma tsoron mai kaki, bakinsa zai kama, ba zai faɗi abin da ya gani ba. Ranar da ya iya zuwa wurin hukuma hankali kwance, ranar ce aka fara cin nasara.

Mu ma da namu aikin, 'yan'uwa. Malamanmu sun koya mana cewa zubar da jinin wanda bai ji ba bai gani ba haramun ne, Musulmi ne ko ba Musulmi ba. Duk wa'azin da ya shigo wayarka ta WhatsApp yana kafirta mutane, kada ka tura wa kowa, kai wa malam ya duba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya zaunar da Alibori da Atakora lafiya, Ya kai matafiyanmu gida, Ya saka wa malamanmu da alheri. Amin.