Kafin Ka Ce Wane Ɓarawo Ne, Ka Ga Takardar Kotu?

'Yan uwa marubuta, da yawanmu muna ɗauko labarin wani da aka kama a Amurka daga Facebook, mu gina rubutu a kai. Wannan ganganci ne.

Amurka tana da jihohi 50 da gundumomi sama da 3,000, kuma yawancin shari'un laifi a kotunan jiha ake yin su. Don haka takardun suna wurin magatakardan kotun gundumar da abin ya faru. Bayanin kamu kuwa yana ofishin 'yan sandan da suka yi kamun. Shafin PACER na kotunan tarayya ne kawai, ba za ka samu shari'ar satar mota ta kotun gunduma a can ba. Kowace jiha da dokarta. Fulorida ta saki hannu sosai, shi ya sa labaran kamunta suka cika intanet.

Abin da ya fi damuna shi ne, kamu ba hukunci ba ne. Ana kama mutum yau, mai gabatar da ƙara ya janye tuhumar bayan wata guda, amma hotonsa yana nan yana yawo. Ka bi fayil ɗin har shafin ƙarshe kafin ka ɗora alƙalami a kan sunan ɗan wani.