Mintuna biyu kafin jirgin alhazai ya tashi

Maniyyacin da ya baro Birnin Ƙonni, Malbaza ko Illela yakan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a mota kafin ya isa filin jirgin saman Diori Hamani a Yamai. Idan ya samu kujera, jirgi ya kai bakin titin tashi kuma ya tsaya cik, sai gunaguni ya fara. Sau da yawa wannan tsayuwar tana da dalili babba.

Duk ɗan kabu-kabun da tirelar siminti ta taɓa wuce shi a hanyar Malbaza ya san yadda iskarta ke fizgar babur. Jirgin sama ya fi haka. Yana ɗagawa, sai iska ta murɗe daga bakin kowane fiffike ta zama guguwa biyu, ido ba ya ganinsu. Gwargwadon nauyin jirgi da rashin saurinsa, gwargwadon ƙarfin guguwar, wato ta fi muni lokacin tashi da sauka. Idan gari ya yi tsit babu iska, takan daɗe ba ta watse ba. Shi ya sa ƙa'idar hukumar ICAO ta ce ƙaramin jirgi ko matsakaici ya jira aƙalla mintuna biyu bayan tashin babba, uku idan Airbus A380 ne ya riga shi.

Ranar 12 ga Nuwamba 2001, jirgin American Airlines ƙirar A300 ya tashi daga New York a bayan wani Boeing 747 na Japan, ya faɗa cikin guguwarsa. Mataimakin matuƙi ya yi ta taka abin juya wutsiya hagu da dama har wutsiyar ta ɓalle. Mutum 260 da ke ciki suka rasu, da wasu biyar a ƙasa. Masu bincike sun ɗora laifin a kan yadda ya sarrafa jirgin, da irin horon da aka ba shi. Ke nan tazara kaɗai ba ta isa ba, sai da horo.

Mutanen Ƙonni, da ke maƙwabtaka da Sakkwato, ba su manta da 29 ga Oktoba 2006 ba, ranar da jirgin ADC ya faɗi jim kaɗan da tashi daga Abuja, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. Wannan karon iskar hadari ce mai sauya alkibla kwatsam, amma bincike ya nuna an tashi alhali an san yanayi bai yi kyau ba.

Gaskiya ne filin Yamai ba shi da cunkoso irin na New York. Sai dai lokacin jigilar alhazai manyan jirage ne ke tashi maƙare da mutane da kaya, ga ƙananan jiragen cikin gida da na manyan mutane, waɗanda ba su saba jira ba. Wajibi ne ASECNA ta tsaya wa ma'aikatan hasumiyarta, kada kiran wani babba ya sa su rage tazara. Kamfanonin da ake ba kwangilar jigila su nuna shaidar horon matuƙansu. Ita kuma hukumar COHO ta sa wannan bayani, da Hausa da Zabarmanci, cikin bitar da ake yi wa maniyyata tun daga Tawa.