Bankwana da MySQL: Abin da sukar tsohon injiniyan Oracle ta tono

A watan Disamban 2021, Steinar Gunderson, injiniyan manhaja ɗan ƙasar Norway, ya bar kamfanin Oracle bayan kimanin shekara biyar yana cikin masu gina MySQL, manhajar adana bayanai da WordPress da ɗimbin shafukan intanet suka dogara da ita. A saƙonsa na bankwana ya ce manhajar ba ta da ingancin da ake zato, ya kuma shawarci jama'a su karkata ga PostgreSQL.

Maganar ta yi nauyi ne domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Gunderson ya yi aiki a sashen da ke zaɓar hanyar da manhajar za ta bi wajen zaƙulo bayanai, kuma a nan ya ce ya tarar da ginin ya tsufa. Duk da haka bai rushe aikinsa ba, domin ya ce MySQL 8.0 ta fi 5.7 nesa ba kusa ba.

Sukar ta kuma farfaɗo da tsohuwar muhawarar mallaka. An fitar da MySQL a Sweden a 1995. Sun Microsystems ya saye ta a 2008 kan kimanin dala biliyan 1, sannan Oracle ya saye Sun a 2010, bayan Hukumar Tarayyar Turai ta binciki cinikin saboda makomar MySQL. Michael Widenius, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙire ta, ya ware ya kafa MariaDB a 2009, wadda Gunderson ya ce ita ma ba ta fi ba. PostgreSQL kuwa, wadda ta samo asali a Jami'ar California da ke Berkeley, babu kamfani guda da ya mallake ta.

Sai dai shaidar mutum ɗaya ba ta yanke hukunci. A 2016 Uber ya bayyana dalilansa na barin PostgreSQL zuwa MySQL. Amma a binciken Stack Overflow na 2023, PostgreSQL ta sha gaban MySQL a farin jini.

Tambayar da ta rage ta shafi kowa: idan sai ma'aikaci ya fita kafin a ji aibin kayan, da me gwamnatoci da bankuna ke auna manhajar da suke damƙa wa bayanan jama'a? Kafin a sa hannu a kwangila, ya kamata su san wanda ke riƙe da akalar manhajar, da abin da sauya ta zai ci.