Yamai ta gina wa shugabanni masauki, ta bar farke kan tabarma

Wanda ya sauko daga motar Damagaram bayan tafiyar kilomita kusan 900 yakan zaci wahalarsa ta ƙare a tasha. Ba ta ƙare ba. Sauranta na jiransa a ɗaya daga cikin ƙananan otel-otel da ke kewayen Babbar Kasuwa da Wadata, inda ake karɓar kuɗin ɗaki tun kafin a nuna wa baƙo ɗakin.

Da farko za a miƙa masa takardar ƴan sanda ya cika: sunansa, sunan garinsu, lambar katinsa, dalilin zuwansa. Hukuma tana son sanin wanda ya kwana, amma ba ta damu da sanin inda ya kwana ba. Da ta damu, da wani jami'i ya leƙa ya ga katifar da ta lotsa, da famfon da ba ya kawo ruwa sai tsakar dare, da ƙofar da makullinta ke buɗe ɗakin maƙwabci. A irin wannan ɗaki ne ɗan kasuwar Maraɗi yake kwana da jarinsa a ƙarƙashin matashi, ido ɗaya a buɗe. Wasu daga cikin gidajen nan kuma haya ta awa suke bayarwa, har dattijon da ya zo da tasbaha a hannu ya kwana yana jin shige da fice a bayan bango, ya rasa wa zai faɗa wa.

A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40, fanka ita ce dukan abin da baƙo ya biya. Wuta na ɗaukewa, ɗakin ya zama tanda. A nan mai otel yana da hujja, gaskiya ne: shekara da shekaru ƙasar ta dogara da layin wutar da ke zuwa daga Birnin Kebbi, kuma kowa ya ga abin da ya faru da Najeriya ta yanke shi a watan Agustan 2023. Madatsar Kandaji da aka aza harsashinta a 2008 ba ta kunna ko ƙwai ɗaya ba tukuna. To amma rashin wuta ba ya hana wanke zanen gado.

A watan Yulin 2019 Yamai ta karɓi taron ƙoli na Tarayyar Afirka. Saboda shi aka sabunta filin jirgin Diori Hamani, aka buɗe Radisson Blu da Noom, aka share tituna. A wannan taro ne aka ƙaddamar da aikin yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka. An yi wa ciniki biki a ɗakuna masu sanyi, alhali masu cinikin, waɗanda ke ɗauko albasar Galmi da wake da fata, ba wanda ya tuna da inda za su sa haƙarƙarinsu. Shi ya sa da yawansu suka gwammace shimfiɗa tabarma a harabar kamfanin mota, su jira tashin asuba.

A da ba haka ake ba. Farke yana da fatoma: shi ke saukar da shi, ya adana masa kaya, ya samo masa mai saye, ya tsaya masa in rigima ta tashi, domin sunansa ne jarinsa. Birni ya kumbura, zangon ya watse, aka maye gurbinsa da wani yaro a bayan tebur wanda bai san baƙo ba, ba zai kuma sake ganinsa ba.

Ma'aikacin gwamnati ma bai tsira ba. Malamin makaranta daga Tawa da ya zo bin takardun ƙarin girma, ko tsohon da ke neman haƙƙinsa na ritaya, kwana biyu ya shirya yi. Sai a ce masa mai sa hannu ya tafi taro, ya dawo jibi. Kowace "dawo jibi" kuɗin ɗaki ce daga aljihunsa, kuma wanda aka aiko da aiki ma sau da yawa sai ya ci bashi kafin kuɗin tafiyarsa su fito. Tun Babban Taron Ƙasa na 1991 ake maganar kai mulki kusa da jama'a, an yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, amma hatimin da ke da amfani bai bar Yamai ba.

Abin da ake nema bai kai kuɗin bene ɗaya na manyan otel ba. Hukumar birni da ma'aikatar da ke ba da lasisi su riƙa duba ɗakunan nan, su rufe wanda ba shi da ruwa da makulli. A tilasta liƙa farashi a bakin ƙofa, a ba baƙo rasit. Ƙungiyoyin ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram, waɗanda ke iya tara kuɗin gina masallaci cikin wata guda, suna iya gina masauki ɗaya kusa da Wadata, mai sito da mai gadi. Takardar da za a iya sa wa hannu a Tawa kuma a sa mata hannu a Tawa.