Ƙwan LED Ya Iso Gari, Saura Ya Shigo Ajinmu



Yau za mu yi magana a kan farin ƙwan nan da ake kira LED, wanda ke cikin tocilanmu da fitilun sola da ake sayarwa a kasuwannin Dutsin-Ma da Kurfi.

Tsohon ƙwai mai zare a ciki, yawancin wutar da yake sha zafi take zama, shi ya sa ba ya taɓuwa in ya daɗe a kunne. Amma LED mai wat 9 yana ba da hasken da tsohon mai wat 60 yake bayarwa. Masana uku haifaffun Japan, wato Akasaki da Amano da Nakamura, su suka ƙirƙiro LED mai shuɗin haske, har aka ba su kyautar Nobel a 2014. Idan aka lulluɓe shi da wani sinadari mai ruwan ɗorawa, sai hasken ya fito fari.

Har yanzu masana na ƙoƙarin rage wutar da yake sha. To amma mu yi lissafi. Daga wat 60 zuwa 9 an rage 51. Ko da an sake raba 9 gida biyu, wat huɗu da rabi kawai za a rage. Ke nan an riga an ci rabin babban aikin, har da ƙari. A ganinmu, abin da ya rage shi ne ƙarko da araha. Zafi yana rage wa LED kwana, ga shi kowa ya san zafin bazararmu. Jabun ƙwai kuwa bai daɗewa yake dusashewa, araha ba ta ado.

Da yawa daga cikinmu ba ma bitar karatu da dare idan an ɗauke wuta. Kananzir ya yi tsada, hayaƙin aci-balbal kuma yana sa ido ruwa. 'Yan aji uku ga jarrabawar BECE a gabansu.

Don haka muna roƙon shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su tanadi ƙananan fitilun sola masu inganci a laburare. A yi cajinsu da rana, ɗalibi ya sa hannu ya ara, ya dawo da ita da safe. Mu kuma mun ɗauki alkawarin riƙe amana. Rana dai muna da ita kyauta.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.